Hoton Eksire: Awon da Ake Yi Kafin a Danna Na'ura

Idan tari ya matsa wa mutumin Unguwar Gano, ya je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi, wanda aka kafa a 1988, sau da yawa likita kan tura shi ɗakin hoto. A can za a ce masa ya ja numfashi ya riƙe, nan da nan an gama. To, amma kafin nan ma'aikacin ya riga ya yi awo iri uku a kan wannan haske da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus cikin 1895.

Na farko shi ne ƙarfin lantarki, watau kilobolt, wanda ke ba hasken ikon ratsa jiki. Hoton hannu kan buƙaci kilobolt 50 zuwa 60, na ƙirjin baligi kuwa yakan haura 100. In ƙarfin ya gaza, sai jiki ya shanye hasken bai kai ga faranti ba. In ya zarce, sai bambancin ƙashi da tsoka ya dushe.

Na biyu shi ne yawan lantarkin da tsawon lokacin da aka sake shi. Wannan yawan haske yake ƙarawa, ba ƙarfinsa ba, kuma in aka ninka shi, abin da jiki ya sha ya ninku.

Na uku shi ne tazara. In aka ninka nisa, hasken da ke isowa yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Hoton ƙirji akan ɗauke shi daga nisan santimita 180.

Bugu da ƙari, a bakin na'urar akwai matatar alminiyam mai kaurin milimita 2.5, wadda ke tare raunanan haske da ba su da aiki sai shiga fata.

Na'urorin yanzu masu kwamfuta kan gyara hoton da haske ya yi wa yawa har ya fito tas, alhali majinyaci ya sha fiye da kima. Saboda haka lalle ne ɗaukar hoto ya tsaya a hannun wanda ya koye shi, mai rajista da hukumar da aka kafa musu a 1987. Mace mai juna biyu kuwa ta sanar da ma'aikaci tun kafin a saita na'ura.