An Kai Shi Yana Goye: Shin Hakan Zai Hana a Koro Shi?

Akwai gidaje a Dutsin-Ma da Kurfi da ke da wani nasu a ƙasar waje, galibi a Saudiyya: inna ko yaya da ta tafi Umara shekaru da dama da ɗa a goye, ta zauna tikari, ta ƙara haihuwa a can. Yaran nan yau samari ne da 'yan mata. Duk lokacin da labari ya zo cewa askarawa sun fara kame, sai magana ɗaya ta taso a majalisa, a kasuwar Laraba, a saƙon murya na WhatsApp: ai wanda aka kai yana ƙarami ba a korarsa, ai wanda aka haifa a Makka ya zama ɗan ƙasa, ai Amurka ma doka ta yi a kan haka, sauran ƙasashe suka bi. Hankali yana saurin karɓar wannan zance, domin yaro bai yi laifin komai ba, ɗauko shi aka yi. Amma cikin zancen gaskiya kaɗan ce, ƙarya ta fi yawa, kuma ƙaryar ce ke sa iyaye su saki jiki har ranar da gyara ya gagara.

Mu fara da Saudiyya, tunda nan abin ya fi taɓa mu. Cewa haihuwa a Makka ko Madina tana mai da jariri ɗan ƙasa ƙarya ce tsagwaronta. Dokar zama ɗan ƙasa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1954, ta uba take bi. In mahaifi Basaudiye ne, ɗa Basaudiye ne ko a Katsina aka haife shi. In uwa da uba duk baƙi ne, ɗansu baƙo ne ko da a unguwar da ke kallon Harami ya faɗo duniya. Wanda mahaifiyarsa ce 'yar ƙasa, uba baƙo, yana da ƙofa, amma sai ya ƙwanƙwasa: ya nema cikin shekara guda bayan ya cika shekarun balaga na doka, ya kasance mazaunin ƙasar, yana jin Larabci, ba shi da tabon laifi, kuma duk da haka hukuma tana iya ba shi tana iya hanawa.

Masu musu sukan kawo hujja biyu, kuma dukkansu gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Ta farko ita ce Hausawan da suke 'yan ƙasa cikakku, masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Waɗannan zuriyar mahajjatan dauri ne, da yawansu kakanninsu da ƙafa suka ratsa Sudan suka haye Bahar Maliya, suka zauna tun ƙasar tana sabuwa, ko ma kafin a haɗe ta a 1932. Wannan hanya ta daɗe da toshewa. Ta biyu ita ce mutanen Burma mazauna Makka, waɗanda a 2013 aka fara ba su igama, wato takardar izinin zama, ta shekara huɗu. An yi haka, amma shiri ne na musamman ga mutanen da ƙasarsu ta yi watsi da su, ba su da inda za a mai da su, kuma igama aka ba su, ba zama ɗan ƙasa ba. Ɗan Najeriya yana da ƙasar da za a mai da shi, don haka ake mai da shi.

Sai maganar afuwa, wadda ita ce ta fi yaudarar mutane. Ana cewa a yi haƙuri a ɓuya, sarki zai yi afuwa a ba kowa takarda. An yi afuwa, ba a musu. Ta 2013 ta ba wasu damar gyara takardunsu kafin wa'adinta ya cika a farkon Nuwamba, daga nan kame ya biyo baya. Ta 2017, wadda ta fara a ƙarshen Maris da wa'adin kwana 90 aka kuma ƙara mata lokaci, ma'anarta ita ce ka fita daga ƙasar ba tara ba ɗauri. Izinin tafiya ne, ba izinin zama ba. Babu ɗaya cikinsu da ta ce wanda ya zo yana yaro ya tsira saboda ƙuruciyarsa. Kuma Ma'aikatar Cikin Gida ta Saudiyya tana ta nanata cewa mai shigo da wanda ba shi da izini, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ba shi mafaka, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rayuwar yaron kafin a kai ga kamun. Uwar da ba ta da igama tsoron asibiti take yi, sai ta haihu a ɗaki. Ba takardar haihuwa, ba makarantar gwamnati, ba layin waya da sunansa, ba asusun banki. Ya tashi yana tsince-tsincen aiki, yana sauya hanya in ya hango motar sintiri. Ranar da dubu ta cika, a kai shi Shumaisi, wurin tsare waɗanda za a kora da ke tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki hoton yatsunsa, a jira takardar tafiya daga ofishin jakadancin Najeriya, a sa shi jirgi. Sai ka gan shi a tashar mota da leda guda a hannu, jallabiyarsa ta yi dauɗa, Hausarsa rabi Larabci, yana tambayar direba ina ne Kurfi, garin da ya ji a bakin uwarsa amma bai taɓa gani ba. A gida kuma ana ta cewa ai ba a korar irinsu.

Dokar Amurka da ake ambato kuwa tana da asali, amma ba abin da ake faɗa ba ce. Shiri ne mai suna DACA, wanda Shugaba Barack Obama ya sanar ranar 15 ga Yunin 2012, bayan majalisa ta kasa zartar da ƙudurin da aka fara gabatarwa tun 2001. Sharuɗɗansa tsaurara ne. Sai mutum ya shiga Amurka kafin ya cika shekara 16, yana zaune a ƙasar ba yankewa tun daga 15 ga Yunin 2007, bai kai shekara 31 ba a ranar sanarwar, yana makaranta ko ya gama sakandare ko ya yi aikin soja an sallame shi lafiya, kuma ba shi da babban laifi. A lura da 2007 ɗin nan da kyau. Duk yaron da aka kai bayan wannan rana ba ya ciki, komai ƙanƙantarsa a lokacin. Saboda haka ejan da zai ce maka yau ka kai ɗanka Amurka da bizar ziyara ku zarce, wai doka za ta kare shi, kuɗinka kawai yake so.

Waɗanda suka samu ɗin ma ba katin zama na dindindin aka ba su ba, balle fasfo. An jinkirta korarsu na shekara biyu, an ba su izinin aiki, in wa'adi ya cika su sake nema su sake biya. A Satumban 2017 gwamnatin Donald Trump ta yi yunƙurin soke shirin, Kotun Ƙoli ta taka mata birki a Yunin 2020, sannan a Yulin 2021 wani alƙalin tarayya a jihar Texas, Andrew Hanen, ya ce shirin ya saɓa wa doka, ya hana a amince da sababbin masu nema. Mutum kimanin dubu 500 ne ke rayuwa a ƙarƙashinsa, mafi yawansu 'yan asalin Meziko, kullum kunnensu yana kotu. Haihuwa a cikin Amurka ita ce ta bambanta, domin gyaran tsarin mulki na 14 na shekarar 1868 ya ba wanda aka haifa a ƙasar zama ɗan ƙasa, kuma shi ma a Janairun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin taƙaita shi, maganar ta faɗa hannun alƙalai.

Ingila ta daina ba da zama ɗan ƙasa don haihuwa kawai tun 1 ga Janairun 1983. Yaron da aka haifa a can ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar yana da haƙƙin a yi masa rajista ya zama ɗan Birtaniya, wanda kuma ya yi shekara 7 a jere yana iya neman izinin zama. Duka biyun nema ake yi, da hujja da kuɗi. A 2018 aka gano cewa mutanen da aka kawo daga yankin Karibiyan suna yara, suka tsufa a Ingila bisa halal, an tsare wasunsu an kori wasu don sun kasa nuna takarda, har sakatariyar harkokin cikin gida Amber Rudd ta yi murabus.

Kafin mu zargi kowa, mu dubi gida. Najeriya ma ba ta ba da zama ɗan ƙasa don haihuwa kawai. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a nan sai ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan ƙasa. Almajirin da aka kawo daga ƙasar Maraɗi yana ɗan shekara bakwai, ya sauke Alƙur'ani a Dutsin-Ma, ya yi aure ya kafa shago, a idonmu ɗan gari ne, kuma haka ya kamata mu riƙe shi, amma in ba shi da wannan jini a idon doka baƙo ne har sai ya nema, neman kuma yana buƙatar zaman shekara 15. Tarihi ya nuna mana yadda irin wannan ke juyewa dare ɗaya. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, cikin waɗanda suka fito har da Hausawan da a zango aka yanke musu cibiya. A Janairun 1983 mu ma muka yi wa 'yan Gana da sauran maƙwabta haka.

Gaskiyar da ta fi kowacce amfani kuwa ba a cika yaɗa ta ba. Wannan sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne tun ranar haihuwa. Sashe na 41 kuma ya haramta korar ɗan ƙasa ko hana shi shigowa. An taɓa gwada irin wannan kora: a Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, zuwa Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, aka dawo da shi. Saboda haka saurayin da aka sauke daga jirgin Jidda ba alfarma ake yi masa ba, gida ya zo, da haƙƙin makaranta da katin zaɓe da gadon kakansa.

Mai ɗan'uwa a can ya kira shi ya faɗa masa gaskiya, ya matsa masa ya je ofishin jakadanci na Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda a san da zaman yaran, a adana duk wata shaida, ko katin rigakafi ne ko takardar aure. Wanda nasa ya riga ya dawo ya kama hannunsa zuwa wurin mai unguwa da dagaci, har fadar Yandaka in ɗan Dutsin-Ma ne, ko ta Maradin Katsina in ɗan Kurfi ne, a shaide shi, a karɓo masa takardar asalin ƙaramar hukuma, a yi masa lambar NIN, a sa shi makaranta ko a koya masa sana'a. Kuma don Allah, in saƙon muryar nan ya sake shigowa wayarku, kada ku tura wa kowa.