Mai Jego Da Ta Daina Dariya: Ba Kullum Ne Aljanu Ba



Kwana uku ko huɗu bayan haihuwa, mace kan yi kuka ba dalili, ranta ya riƙa ɓaci. Wannan sauyin sinadaran jiki ne da rashin barci, yakan wuce cikin sati biyu. Amma in an yi suna, an doshi arba'in, har yanzu ba ta cin abinci, barci ya ƙi ko da jinjiri ya kwanta, ba ta marmarin ɗaukar ɗanta, tana cewa ita ba ta da amfani, to wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu yana kama kusan mace 1 cikin 5.

A Fakku da kewaye, da an ga haka sai a ce iska ce, ko kishiya ta yi mata sammu, a rufe ta da hayaƙi. Wasu kuma su ce rashin tawakkali ne. Subhanallah! Nana Maryam da naƙuda ta tsananta har mutuwa ta yi fata, ba a kuwa tsawata mata ba. Lallashinta aka yi, aka ba ta ruwa da dabino.

Maigida, aikin naka ne. Zauna ka saurare ta, ban da faɗa. A samo wadda za ta karɓi jinjiri ta samu barci, a ɗauke mata daka da ɗebo ruwa. A dama mata talbina, wato kunun garin sha'ir da madara da zuma. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa tana sanyaya zuciya, tana rage baƙin ciki. Jinin biƙi ya hana ta salla, amma bai hana zikiri da addu'a ba. Kanwa a kunu kuma a rage, yawanta na wahalar da zuciya.

Ruƙya da asibiti ba sa karo. A kai ta Kebbe ko Tambuwal a auna jininta, don ƙarancin jini na ƙara ciwon. Ni kaina ba na ba mai shayarwa jiƙe-jiƙe barkatai.

In kuwa ta fara jin muryoyi, ko sambatu, ko zancen kashe kanta ko jinjirin, kar a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya. A ranar a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ana warkewa da iznin Allah.