Tsutsar Cikin Kifi: Kada Mu Mayar Da Hanji Ruwa

'Yan'uwa manoma, idan rani ya yi, ruwa ya janye a Kogin Mariga da tafkunan dajin Tsohon Birnin Gwari, mukan kama tarwaɗa da yawa. Wani lokaci in mun feɗe ta, sai mu ga fararen tsutsotsi kamar zare. Daga ina suke?

Uwar tsutsar tana zaune a cikin tsuntsaye masu cin kifi, kamar zalɓe. Ya yi kashi a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye, kifi ya ci ƙwarin, zalɓe kuma ya ci kifin. Haka abin ke zagayawa. Kifin teku da ake kawo mana cikin ƙanƙara yana da tasa tsutsar, amma sanyi mai tsanani yakan kashe ta.

Saboda haka mu feɗe kifi da wuri. Mu binne hanjin, kada mu jefa a tafki inda tsuntsu zai tsinta. Mu dafa ko mu banda shi sosai har ciki, gama wuta tana kashe tsutsar. Ba sai mun zubar da abincin da Allah ya ba mu ba.