Shirin Musamman: Daren Labarin Matafiya a Gidan Katta

Shirinmu na yau daga Gidan Katta yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Illela, inda Birnin Ƙonni ke nan tsallaken iyaka.

Samarin gari ne suka kafa gidauniyar marayu bayan sallar isha'i. Ba su kira makaɗi ba. Tabarmi suka shimfiɗa, suka gayyato waɗanda suka sha hanya, kowa ya ba da labarin tafiyarsa, yaro na zagayawa da ƙwarya.

Da aka miƙo mini lasifika, na yi maganar fataken da: madugu da jagaba, jakai ɗauke da kanwa da tufafi zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro bayan watanni. Na tuna musu da masu tafiya Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, suna yada zango su yi noma su tara guzuri, wasu har shekaru. An saurara da ladabi.

Amma wani dattijo, tsohon direban babbar mota, shi ya motsa zukata. Ya ce motarsa ta taɓa mutuwa tsakanin Tawa da Abalak, ana tsananin zafi, ruwan jarka ya ƙare, leɓe duk ya tsattsage. Can sai ga wata Buzuwa ta sauko daga kan jaki, ta kwance salka ta miƙa masa shi da abokan tafiyarsa, ta ƙara da nonon raƙumi. Ba ta jin Hausa sosai, ba su jin Buzanci. Wani saurayi ya ce, "Baba, nawa kuka ba ta?" Ya ce, "Yaro, ko sunanta ban sani ba." Nan hannuwa suka shiga aljihu.

A ganina, jama'a, wannan ne ya haɗa labarin tafiya da sadaka. Duk wanda ya yi nisa da gida ya ci abincin wanda bai sani ba, kuma matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Mutanen yankin nan sun gani da idonsu a watan Agustan 2023, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar: motocin kaya jere a Illela, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu.

Roƙona ga masu ba da labarin hanyar Agadas zuwa Libiya a irin wannan taro shi ne su faɗe shi duka. Samari na zaune suna ji. In an faɗi kuɗin da aka samo, a faɗi ƙishirwar Sahara, a faɗi waɗanda aka binne a rairayi.

Ku kuma masu shirya taron, a karo na gaba ku naɗi muryoyin dattawan nan a waya, ku ajiye.