Annoba da dusar ƙanƙara: Yadda jihar Minnesota ta yi da wasan zamiyar yara a lokacin korona

A ranar 18 ga Nuwamban 2020, Gwamna Tim Walz na jihar Minnesota da ke arewacin Amurka ya sanar da wata dokar gaggawa wadda ta rufe mashaya da wuraren motsa jiki, ta hana zama cin abinci a gidajen sayar da abinci, ta kuma dakatar da duk wasannin yara da matasa na ƙungiyoyi har tsawon mako huɗu. A watan ne jihar, mai mutum kusan miliyan 5.7, take samun sama da mutum 7,000 da suka kamu da korona a wasu ranaku, asibitoci kuma suna kukan ƙarancin ma'aikata.

Dokar ba ta bambanta wasa da wasa ba. Ta haɗa ƙwallon kwando da kokawa da ake yi a rufaffen ɗaki da wani wasa da ake yi a fili, cikin daji, inda kowane yaro ke tsaye a kan alluna biyu dogaye da sanduna biyu a hannu: zamiyar dogon zango a kan dusar ƙanƙara. Abin da ya biyo baya a wannan ƙaramin wasa ya isa a duba shi, domin a cikinsa aka ga tambayar da ta addabi gwamnatoci a ko'ina a lokacin: me ake rufewa, bisa wace hujja, kuma wa ke ɗaukar asarar?

Wane irin wasa ne?

Zamiyar ƙanƙara iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin maganar. Ta farko ita ce wadda ake gani a talabijin: a hau da mutum kan tsauni cikin keken igiya, ya sulalo ƙasa da gudu. Ta biyu, wadda ake magana a kanta, babu mai ɗaukar kowa. Mai wasa yana tura kansa da ƙafafu da sanduna a kan hanyar da aka daddale cikin dusa, ya hau tudu ya sauka kwari, tafiyar kilomita biyu ko hamsin. Asalinta hanyar sufuri ce ta mutanen Norway da Sweden da Finland, kuma jikokinsu da suka yi ƙaura zuwa Minnesota a ƙarni na 19 suka tafi da ita.

Yaran jihar suna koyon ta ne galibi a ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da ke ƙarƙashin Minnesota Youth Ski League, inda iyaye da masu aikin sa-kai ke koyarwa sau ɗaya a mako na tsawon kusan mako takwas a tsakiyar sanyi. Wasan ya ƙara farin jini bayan 2018, shekarar da Jessie Diggins, 'yar garin Afton a jihar, tare da Kikkan Randall suka ciyo wa Amurka lambar zinare ta Olamfik ta farko a tarihinta a wannan fanni, a gasar PyeongChang. An ma shirya gasar cin kofin duniya a filin shaƙatawa na Theodore Wirth da ke Minneapolis a ranar 17 ga Maris 2020, sai annoba ta sa aka soke ta ana saura 'yan kwanaki.

Abin da ya ɓata sunan wasan

Zamiyar ƙanƙara ta shiga annobar da baƙin jini, kuma garin Ischgl na ƙasar Ostiriya ne sila. A farkon Maris 2020 hukumomin Iceland suka lura cewa 'yan ƙasarsu da suka dawo daga hutu a garin suna ɗauke da cutar, suka yi gargaɗi. Ba a killace garin ba sai ranar 13 ga watan, bayan dubban baƙi sun watsu zuwa ƙasashen Turai. Binciken da Jami'ar Likitanci ta Innsbruck ta yi a watan Afrilu ya gano alamun kamuwa a jinin kusan kashi 42 cikin 100 na mazauna garin da aka gwada.

Amma ba a kan dusa aka ɗauki cutar a Ischgl ba. Zargi ya fi faɗawa kan mashaya da wuraren rawa da ake cunkusuwa bayan an sauko daga tsauni, da kekunan igiya da ake rufe mutane a ciki. Wani rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna irin haka a jihar Florida: wasa ɗaya na ƙwallon gora a kan ƙanƙara, a rufaffen fili, a watan Yunin 2020, ya bar 'yan wasa 14 cikin 22 da rashin lafiya. A ɗaya ɓangaren kuma, masu bincike da suka bi diddigin ɓarkewar cutar sau 318 a China a farkon annobar sun tarar dukkansu a cikin gine-gine ko motoci suka faru.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar cutar tana tafiya cikin ƙananan ɗigon da ke fita tare da numfashi. A ɗaki rufaffe suna taruwa kamar hayaƙin murhu, duk wanda ya daɗe a ciki ya shaƙa. A fili iska tana tarwatsa su nan take. Sai dai hukumomi sun yi jinkirin faɗin haka ƙarara. Hukumar ta Amurka ba ta amince a rubuce cewa cutar na iya rataya a iska ba sai a Oktoban 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai a ƙarshen Afrilun 2021 ta gyara bayaninta. A tsakanin nan an kashe kuɗi da lokaci masu yawa wajen goge tebura da marikin ƙofa.

Ga masu koyar da zamiya, wannan ya nuna inda haɗarin yake. Alluna kansu sun kai tsawon yaro ko fiye, don haka wasan da kansa yake tilasta tazara. Matsalar tana kewaye da darasin ne: motar da ta kwaso yaran gidaje uku, ɗakin shan ɗumi da ake sauya takalma, layin karɓar kayan aro, da teburin da ake raba koko mai zafi bayan an tashi.

Yadda aka sake tsara darasi

Da aka ɗage dokar, aka yarda a koma atisaye daga 4 ga Janairun 2021, gasa kuma daga 14 ga watan, ƙungiyoyin sun dawo da tsarin da ya datse duk waɗancan wuraren haɗuwa. An raba yara zuwa ƙananan rukunoni da ba a cuɗanya su, kowane da mai koyarwarsa guda har ƙarshen kaka. Amfanin haka yana bayyana ne ranar da wani ya kamu: a lokacin, ma'aunin hukuma na wanda ya yi mu'amala ta kusa shi ne wanda ya kasance cikin ƙafa shida, wato kusan mita biyu, da mai cutar na jimillar minti 15 a cikin sa'a 24. Idan rukunin yara takwas ne kuma akwai takardar sunayen waɗanda suka zo, gida takwas za a kira. Idan yara tamanin aka sake wuri guda, shirin gaba ɗaya ne zai tsaya.

An kuma rarraba lokacin isowa don kada wurin ajiye motoci ya zama kasuwa. Mota ta zama ɗakin sauya kaya. Kowane yaro ya zo da ruwansa da abin taɓawarsa. Kayan aro, waɗanda a da ake iya karɓa a mayar, aka fi ba da su na kaka guda, a gwada wa yaro takalmi a waje bisa alƙawarin lokaci. Wasannin kama-kama da ake amfani da su don koya wa yara juyi da tsayawa aka sauya su da waɗanda ba sa buƙatar taɓa juna.

Ƙananan yara su ne suka fi wuyar sha'ani. Ɗan shekara huɗu ko biyar yana faɗuwa sau da yawa a darasi guda, safar hannunsa ta cire, hancinsa ya zubo, kuma duk wannan aiki ne na hannu da hannu. Mafitar da ta fi dacewa ita ce uba ko uwa su bi yaron a kan hanya, su ɗaga shi idan ya faɗi, mai koyarwa ya tsaya nesa yana nuni. Mafita ce mai kyau ga gidan da ke da babban da zai iya ba da yammacin Lahadi. Ga uwar da ke aikin jinya ko tsaron kanti a ranar, ƙofa ce aka rufe.

Sanyi ba ya jiran annoba

Nan ne tsarin ya ci karo da kansa. Ɗakin shan ɗumi, wanda ya fi ko'ina haɗarin yaɗa cuta, shi ne kuma mafakar yaro idan sanyi ya yi masa yawa. Matsakaicin yanayin Minneapolis a Janairu yana kusa da digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Sanyin hunturun da ke sa mutanen Jos ko Kano kwana da wuta bai kama ƙafarsa ba. A farkon Fabrairun 2021 kuma wani matsanancin sanyi ya sauka a yankin na kwanaki a jere.

Jikin yaro yana zubar da ɗumi fiye da na babba, domin fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, kuma yaro ba ya saurin faɗin cewa yatsunsa sun daina ji. Idan sanyi haɗe da iska ya kai kimanin digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin rabin sa'a. Ko a gasar manya, ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ita ce a ɗage tsere idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 20 ƙasa da sifili. Shirin yara da ba shi da ɗakin gudu dole ya ja layinsa sama da haka, ya gajarta darasi, ya hana tsayuwa wuri guda ana dogon bayani, ya kuma tabbatar motar iyaye tana kusa.

Takunkumi ma ya zo da nasa. Jihar ta wajabta sanya shi a galibin wasannin matasa bayan dawowa. A cikin sanyi irin wannan, tururin numfashi yana jiƙa takunkumi cikin ɗan lokaci, ya daskare ya yi tauri. Jiƙaƙƙen takunkumi kuwa ba ya tacewa yadda ya kamata, ga shi yana manne da kuncin yaro. Dole a zo da biyu ko uku a aljihu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Agustan 2020 ta ce kada a tilasta wa 'yan shekara biyar zuwa ƙasa sanya shi, kuma ba ta goyi bayan sanya shi yayin motsa jiki mai tsanani ba, saɓanin da ya bar iyaye da masu sa-kai suna fassara dokoki biyu a bakin daji. Hatta man tsaftace hannu ba lafiya lau ba ne a nan: sinadarin da ke cikinsa ba ya daskarewa a irin wannan yanayi, yana kuma kwashe ɗumin fata yayin da yake bushewa.

Siyasar da ke ciki

Dakatarwar ta haifar da ƙungiyar iyaye mai suna Let Them Play MN, wadda ta kai gwamnatin jihar gaban kotun tarayya kan dokar da kuma tilasta takunkumi. Kotu ba ta ba ta umarnin dakatarwar da ta nema ba. Hujjar gwamnati tana da nauyi: a lokacin da asibitoci ke cika, doka mai sauƙin fahimta ta fi dogon jerin togaciya da kowane wasa zai nemi shiga. Kuma a wancan sanyin babu rigakafi ga yara. Sai a Mayun 2021 aka amince da allurar 'yan shekara 12 zuwa 15, ta 'yan shekara 5 zuwa 11 kuwa sai ƙarshen Oktoba.

Duk da haka, yi wa wasan fili da na ɗaki kuɗin goro yana da farashi, kuma ba kowa ya biya shi daidai ba. Dokar ba ta hana iyali fita zamiya su kaɗai ba. Gidan da ke da alluna a rumbu da mota a ƙofa bai rasa komai ba; shaguna ma sun yi ta ƙarewar kaya a wannan kaka saboda yawan masu saye. Wanda ya rasa shi ne yaron da ba ya taɓa allon zamiya sai ta hanyar shiri, irin wanda gidauniyar Loppet ke yi da makarantun arewacin Minneapolis, yankin da baƙaƙen fata da masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa.

Norway ta ɗauki wata hanya. Ta rufe ƙasa a ranar 12 ga Maris 2020, har ta hana mutane kwana a bukkokinsu na tsauni, amma bayan kwana huɗu Firaminista Erna Solberg ta yi taron manema labarai na musamman don amsa tambayoyin yara. Makarantun reno aka fara buɗewa, a ranar 20 ga Afrilu, sannan ƙananan azuzuwan firamare bayan mako guda. Daga nan manufar da gwamnati ta bayyana ita ce a sassauta wa yara da matasa gwargwadon iko, manya su ɗauki mafi nauyin takura. An soke babban tseren Birkebeiner na kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer a 2020 da 2021, alhali atisayen yara ya ci gaba a mafi yawan lokaci, ban da inda cutar ta yi tsanani aka tsaurara doka.

Masu ganin an wuce gona da iri a Minnesota su ma suna da abin da za su amsa. A farkon Maris 2021, ma'aikatar lafiya ta jihar ta nemi a dakatar da wasannin matasa na mako biyu a gundumar Carver, bayan ta danganta aƙalla mutum 68 da suka kamu da wasannin makarantu da na ƙungiyoyi, a daidai lokacin da sabon nau'in cutar da aka fara gani a Birtaniya ke yaɗuwa. A jerin wasannin da ta ambata akwai ƙwallon gora da kokawa da ƙwallon kwando, akwai kuma zamiyar gangaren tsauni, wasan fili, amma mai keken igiya da ɗakin shan ɗumi da motar haya.