Kafofin Yaɗa Labarai da Hamayyar Ƙungiyoyin Besbol a Amurka

1.0 Gabatarwa

Besbol wasa ne da ake dukan ƙwallo da sanda, inda ɓangarori biyu masu 'yan wasa tara-tara suke karawa. Babbar gasarsa, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowace kuma tana buga wasa 162 a kaka guda. Sai dai kafofin yaɗa labarai ba sa raba kulawarsu daidai a tsakanin ƙungiyoyin. Wannan darasi zai duba dalilan hakan, ta hanyar nazarin hamayyar ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok da Red Sox ta birnin Boston.

2.0 Tushen Hamayyar

A ƙarshen 1919, mai ƙungiyar Red Sox, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da gwarzon ɗan wasansa, Babe Ruth. Kafin cinikin, Red Sox ta ɗauki babban kofin gasar har sau biyar, ita kuwa Yankees ba ta taɓa ɗauka ba. Daga nan sai reshe ya juya da mujiya. Yankees ta tara kofi 27 tsakanin 1923 da 2009, Red Sox kuwa ta yi shekara 86 tana zaman jira, daga 1918 zuwa 2004. A wannan shekara ta 2004 ne Yankees ta ci wasa uku na farko a zagayen kusa da na ƙarshe, Red Sox ta farfaɗo ta ci huɗu a jere, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar.

3.0 Dalilan Fifikon

Dalili na farko shi ne kasuwa. Niyok ita ce kasuwar talabijin mafi girma a Amurka, kuɗin talla kuma yawan masu kallo yake bi. A 2023, wasannin ƙarshe tsakanin Texas Rangers da Arizona Diamondbacks sun sami masu kallo kimanin miliyan 9 a kowane wasa. Da Yankees ta haɗu da Los Angeles Dodgers a 2024, adadin ya haura miliyan 15.

Na biyu shi ne mallaka. An kafa tashar NESN a 1984, masu Red Sox ne kuma ke riƙe da kaso mafi tsoka a cikinta. Haka nan Yankees tana da hannun jari a tashar YES, wadda ta fara aiki a 2002. Ke nan, mai wasan da mai ba da labarin wasan aljihunsu ɗaya.

Na uku shi ne sarrafa harshe. A 1990, ɗan jarida Dan Shaughnessy ya wallafa littafin da ya yayata camfin cewa sayar da Ruth ne ya jawo wa Red Sox baƙin baki. A 2002 kuma, shugaban Red Sox, Larry Lucchino, ya laƙaba wa Yankees sunan “Daular Sharri”, jaridu suka yi ta nanata shi. Da irin wannan zambo da laƙabi ake mayar da wasa labari mai tauraro da abokin gaba, wanda ko marar sha'awar besbol zai so jin ƙarshensa.

4.0 Sakamako

Fifikon yana ciyar da kansa. Ƙungiyar da aka fi nunawa ita ta fi samun magoya baya da kuɗin sayen gwanaye, gwanayen kuma su sake jawo 'yan jarida. Shi ya sa da aka tashi kai gasar nahiyar Turai karo na farko a 2019, waɗannan ƙungiyoyi biyu aka kai Landan. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi kuwa sun daɗe suna kukan cewa ana fifita gabashin ƙasar, ko da nasu 'yan wasan sun fi taka rawar gani.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kafofin yaɗa labarai suna da hannu wajen ƙulla hamayya da rura wutarta. Ya wajaba ga malami, in ya kawo labarin jarida cikin aji, ya horar da ɗalibansa su tambayi wa aka ambata, wa aka bari, da wace kalma aka siffanta kowa, kuma wa ya ci ribar labarin. Ɗalibin da bai iya waɗannan tambayoyi ba zai riƙa auna cancanta da yawan ambato, a fagen wasa da wajensa.