Shaula: Taurari Biyu, Suna Ɗaya

Da damina, daren da hadari ya washe, mukan hau soro a cikin birnin Kano mu fuskanci kudu bayan sallar isha'i. Can za ku ga jerin taurari sun lanƙwashe kamar kunama. A ƙarshen wutsiyarta akwai biyu dab da juna, farare masu shuɗi-shuɗi.

Larabawan da suna ɗaya suka ba su, Shaula, wato ɗagaggiyar wutsiya. Ita ce ta 19 cikin masaukan wata 28 da malaman hisabi ke lissafi da su. Masanan yau suna kiran mai haske Shaula, ƙaramin kuma Lesath.

Me ya sa suke shuɗi? Zafi ne. Zafin samansu ya haura digiri 20,000, na ranarmu kuwa kimanin 5,500. Hasken Lesath da ke shiga idonmu ya taso fiye da shekara 500 da suka wuce, wajen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Fitilun titi suna dusashe su, dattawan da suka san sunayen taurari kuma suna ƙarewa. Ku tambayi kakanninku tun suna raye, ku rubuta.